Sassaƙa dogon baka na farko da gasa cikinsa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son sassaƙa baka da hannunsu a karon farko. Na amsa su gwargwadon abin da na koya, wani a karatu, wani kuma daga tarin karyayyun sandunan da ke jingine a bayan ɗakina. Awon tsawo na ba da shi da inci da ƙafa, tunda da su kafintocinmu ke aiki, ƙarfin ja kuma da kilo.

Me ake nufi da dogon baka, kuma ina bambancinsa da namu na maharba?

Baka ne da ake fitarwa daga itace guda, babu haɗi babu gam, tsawonsa ya kai na mai harbin ko ya ɗara. Wanda ya yi suna a duniya shi ne na Ingila da Wels, wanda da shi Turawan Ingila suka ci Faransawa a yaƙin Kiresi a 1346 da na Ajinko a 1415. Yawancin abin da aka sani game da ƙirarsa an samo shi ne daga jirgin ruwan yaƙin Sarki Henri na Takwas, Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka tsamo shi a 1982. An sami lafiyayyun bakuna 137 a cikinsa, da kibau fiye da 3,500. Mafi gajartarsu ƙafa 6 da inci 2, mafi tsawo ƙafa 6 da inci 11, kuma masana sun ƙiyasta cewa jan da yawa daga cikinsu na bukatar ƙarfin kilo 45 zuwa fiye da 70.

Kada wannan lissafi ya ɗauke maka hankali. Maharban Ingila tun suna yara suke ja, har Sarki Edwad na Uku ya ba da umarni a 1363 cewa maza su riƙa gwajin harbi a ranakun hutu. Kai bakanka na farko ya tsaya tsakanin kilo 14 da 18. Ya isa ya huda abin da ba ka so ya huda.

Namu na gargajiya ya fi gajarta, kibiyarsa ta kyauro ce marar gashin tsuntsu, kuma aikinta ya fi dogara ga dafin da ke bakinta. Wannan bai rage masa daraja ba: 'yan bakan jama'ar Shehu ne suka tsaya wa dawakin Gobir a Tafkin Kwatto a 1804. Na Turawa dai ƙarfin bugu aka nema da shi, shi ya sa aka tsawaita shi don a ja shi har kunne bai karye ba.

Da wane itace ake yin sa?

Na Ingila da wani itace ne da suke kira yiw. Allah ya yi masa baiwa biyu a jiki ɗaya: farin da ke ƙarƙashin ɓawo yana jure miƙewa, jan da ke ciki yana jure matsewa, wato daidai abin da baka ke so. Sun sare nasu har ya yi ƙaranci, sai a 1472 aka kafa doka cewa jiragen fatake su shigo da sandunan baka huɗu kan kowane tan na kaya. Mutumin nan da aka tsinci gawarsa cikin ƙanƙara a tsaunukan Alfa a 1991, wanda ya rayu wajen shekara 5,300 da suka wuce, shi ma bakan yiw ne a tare da shi, bai ma gama sassaƙa shi ba. Inda babu yiw suna amfani da ash da elm, Amurkawa kuma da hikori da osej. Tsofaffin bakunan da aka tono a Holmegard ta ƙasar Denmak, masu shekara wajen 9,000, na elm ne.

Mu da ba mu da waɗannan itatuwa fa?

Muna da namu. Dargaza da danginta an daɗe ana baka da su a sassan Afirka saboda taushin lanƙwasarsu. Ɗunɗu ma haka, ga nauyi ga tauri, sai dai samun miƙaƙƙe mai ƙafa 6 aiki ne. Gora tana yi, amma ƙirarta daban ce, ba ita muke magana a kai ba. In akwai tsohon maharbi a garinku, je ka gaishe shi ka tambaye shi abin da kakanninsa ke sara. Amsarsa ta fi tawa amfani a dajinku.

Itacen da ba ka sani ba kuwa, gwada shi ta hanya biyu. Ka fere busasshen sili mai kauri ɗaya daga sama har ƙasa, ka tsoma shi a tsaye cikin doguwar kwalba mai ruwa. In abin da ya nutse bai kai rabi ba, itacen ya yi sakayau, ka bar shi. In ya kai kashi 6 cikin 10 ko fiye, akwai alamar alheri. Sannan ka tsaga wani siriri ka lanƙwasa shi a hankali har ya karye. Wanda ya yi nisa kafin ya ba da kai, ya kuma karye da zare-zare kamar rake, shi ake nema. Wanda ya ɓalle fat kamar alli, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Zan iya sayen katako a kasuwa in huta da shiga daji?

Za ka iya, kuma a ƙasashen Turai da Amurka da yawa da katakon shago suke fara koyo. Matsalar ita ce zarto bai san jijiyar itace ba, yanka kawai yake yi. Dole ka duba layukan da ke fuskar katakon da gefensa, su tafi a miƙe daga wannan kai zuwa wancan ba tare da sun fice ta gefe ba. Cikin katako hamsin da wuya ka sami biyu. Farin katakon rufi ba ya yi, ya cika rashin nauyi. Maɗaci kuma jijiyarsa a sarƙe take, ba na ba mai koyo shawararsa.

Wace irin sanda zan sara, kuma yaya zan busar da ita?

Nemi miƙaƙƙiya, kaurinta inci 2 zuwa 4, tsawo ƙafa 6 da rabi, wadda aƙalla fuska ɗaya ba ta da ido ko gurbin reshe. Dubi tsagin ɓawon: in yana zagaya itacen kamar igiya, cikin ma a murɗe yake. Nemi izinin mai gona ko malaman daji kafin ka ɗora gatari.

Da ka sare, shafe kawunan biyu da fenti ko gam ko kakin zuma a ranar, domin ta nan ruwa ke gudu ya bar tsaga. In mai kauri ce ka tsaga ta biyu da weji, ka bar tsagar ta bi jijiya da kanta. Ɓare ɓawon tun tana ɗanya. Da damina yakan saluɓe kamar riga, kuma cire shi na rage ƙwarin da ke huda itace. Tsohuwar ƙa'ida ita ce shekara guda kan kowane inci na kauri, amma akwai gajeriyar hanya: ka rage sandar ta kusa siffar baka tun tana ɗanya, ka ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen katako don kada ta karkace, ka ajiye a inuwa cikin ɗaki. Riƙa auna nauyinta a sikeli duk bayan kwana biyu. Ranar da ta yi mako guda nauyin bai ragu ba, ta bushe. Makonni kaɗan ke nan maimakon shekaru.

Kada ka shanya ta a rana, kada ka bar ta a iskar hunturu tana ɗanya. Kwana biyu sun isa ta tsattsage.

Waɗanne kayan aiki nake bukata?

Ƙaramin gatari ko gizago ko adda mai kaifi don rage nama, magagari babba, ƙaramin magagari mai zagaye don tsagar tsirkiya, wuƙa mai ƙarfi don kankara, samfefa, fensir, tef ɗin awo, zare, da sikelin rataye irin na 'yan gwangwan. Shi ke nan. Injin gogewa na lantarki ya fi kashe bakan mai koyo fiye da komai, don yana cin itace da saurin da ido bai kai ba.

Wane awo zan bi?

Fara da sanin tsawon janka. Yawancin manya inci 26 zuwa 28 ne daga mariƙi zuwa gefen baki. Mai jan inci 28 ya yi baka mai inci 70 zuwa 72. Tsawon nan rahama ne: yana raba wahalar lanƙwasa ga itace mai yawa, sai ya yafe maka ƙananan kurakurai.

Asalin na Ingila siriri ne mai kauri, bayansa (fuskar da ke kallon abin hari) a ɗan shafe, cikinsa (fuskar da ke kallon mai harbi) a zagaye. Wannan ƙira yiw take so. In ka yi ta da wani itace, duk matsi zai taru a kan ƙusurwar cikin ya murƙushe ta. Don haka ka yi naka mai shafaffen ciki. Ja zare daga kai zuwa kai ka fitar da layin tsakiya, amma in jijiyar ta ɗan yi gwiwa ka bi ta, kada ka yanke ta. Bar inci 4 a tsakiya don mariƙi, da inci 2 kowane gefe inda kaurin mariƙin zai gangara a hankali. Ɓangarorin biyu masu lanƙwasa, waɗanda zan riƙa kira fikafikai, faɗinsu ya zama inci ɗaya da rabi har zuwa rabin tsawonsu, daga nan ya tsuke zuwa rabin inci a kai. Kauri ka fara da kashi uku cikin huɗu na inci kusa da mariƙi, ya sauka zuwa rabin inci a kai. Wannan mafari ne kawai, itacen ne zai faɗi na ƙarshe.

Me ya sa ake cewa kada a taɓa bayan baka?

Baya shi ne fuskar da ke kallon abin hari, ciki kuma fuskar da ke kallonka. In ka ja, bayan yana miƙewa, cikin yana matsewa. Zaren itacen da ke baya kamar igiyar guga ne: muddin ba a yanke ko sili ɗaya ba zai ɗauki kaya, amma ƙaramin sara ɗaya ya isa ya zama mafarin tsinkewa. Shi ya sa fuskar da ka samu a ƙarƙashin ɓawo ita ce bayan bakanka, yadda Allah ya halicce ta, da tudunta da kwarinta. Masu osej sai sun bi zoben shekara guda, wato shimfiɗar naman da itace ke ƙarawa kowace shekara, daga kai zuwa kai. Yawancin itatuwanmu zobensu ba ya fitowa sarai, don haka wannan wahala ta wuce mu. Abin da kawai za ka yi wa baya shi ne ka kashe kaifin gefunansa da samfefa su ɗan zagaye, don daga kaifin gefe sartse ke tashi.

Duk ragin da za ka yi, daga ciki ne.

Yaya ake daidaita lanƙwasa?

Nan ne aikin yake. Sauran duk sharar fage ce.

Abu na farko da za ka riƙe: in ka ninka faɗin itace, ƙarfinsa ya ninka sau biyu, amma in ka ninka kaurinsa, sau takwas yake ninkawa. Ma'ana, in ka kankare kashi 5 cikin 100 na kauri, ka zubar da kusan kashi 14 na ƙarfi. Wanda ya gane wannan zai ajiye gizago da wuri ya ɗauki wuƙar kankara.

Ana farawa a ƙasa. Kafa kai ɗaya a ƙasa, riƙe ɗayan da hannu, danna mariƙin da ɗaya hannun, ka leƙa yadda fiffiken ƙasa ke ba da kai. Rage ciki har kowane fiffike ya fara motsa inci 3 ko 4. Sannan ka yi tsagar tsirkiya a gefunan kawunan biyu, ban da bayan, ka sa doguwar igiya mai ƙarfi wadda ta ɗan yi sako-sako.

Yanzu kana bukatar ganin bakan daga nesa. Kafa gungume a bango inda mariƙin zai zauna, ka sa ƙaramin wili a ƙasa, ka zura igiya ta cikinsa da sikeli a tsakani, yadda za ka tsaya taku biyar baya kana ja kana kallo. In ya fashe ma ba a fuskarka ba. Zana layuka a bangon don ido ya sami abin kwatance.

Abin da kake nema shi ne kowane yanki na fiffike ya ɗauki rabonsa na lanƙwasa, kuma fikafikan biyu su yi daidai da juna. Inda ya sandare, ka yi masa zane da fensir ka kankare zanen. Inda ya fi lanƙwasa, wato ya fara yin gwiwa, ka rubuta masa alama kada wuƙa ta sake taɓa shi, ka rage sauran wuraren har su kamo shi. Wata dabara mai sauƙi: ɗauki miƙaƙƙen guntun katako mai inci 5, ka bi da shi ta cikin bakan yana lanƙwashe. Inda ratar da ke tsakani ta yi faɗi, nan ne mai rauni. Inda ta rufe, nan ne mai taurin kai.

Dokoki uku ba a karya su. Kada ka taɓa jan bakan fiye da ƙarfin da kake nufinsa da shi. In kilo 16 kake so, sikeli kada ya wuce 16 ko sau ɗaya. Kada ka ƙara nisan ja alhali kana ganin aibi. Bayan kowace kankara ka ja shi a hankali sau 20 zuwa 30 kafin ka yanke hukunci, don itace ba ya nuna abin da aka yi masa nan take. Ni wannan ta ukun ce ta ci bakana na biyu: na kankara, ban ga canji ba, na ƙara, na ƙara, sai ga gwiwa ta fito lokaci guda kamar an kira ta.

Idan kawunan suna sauka wajen inci 6 da doguwar igiya kuma lanƙwasar ta yi kyau, sa gajeriyar tsirkiya, da farko ratar inci 3 tsakaninta da mariƙi, daga baya a kai ta inci 6, wato dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe. Daga nan inci-inci ake tafiya har a kai cikakken ja. A bar fiffiken ƙasa ya ɗan fi na sama ƙarfi kaɗan.

To mene ne amfanin gasa cikin baka?

Yawancin fararen itatuwa, irin su hikori da ash da elm, bayansu ya fi cikinsu ƙarfi. Suna jure miƙewa, amma in aka matse su ƙwayoyin cikin sukan lotse ba su dawo ba. Sakamakon shi ne baka mai kasala, wanda ko an cire tsirkiya yana nan a lanƙwashe. Zafi mai ratsawa, wajen digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyos, yana sauya sinadaran da ke cikin itacen: wani sashe mai son shan ruwa yana lalacewa, cikin ya ƙara tauri, ya kuma rage jan danshi daga iska. Bakan sai ya ƙara ƙarfin ja, ya riƙe siffarsa, kibiya ta ƙara gudu. Rage shan danshin nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai yi harbi a watan Agusta.

Amma a gane: zafi yana ƙara wa ciki tauri, sai dai yana rage wa itace juriyar miƙewa. Abin da ya zama magani a ciki, guba ne a baya.

A wane mataki ake gasawa, kuma yaya ake yi?

Na fi son in kai bakan jan inci 20 da lanƙwasa mai kyau tukuna. In ka gasa da wuri, za ka kankare gasasshen naman ka zubar. In ka bari sai ƙarshe, cikin ya riga ya lotse.

Kwantar da bakan a kan katako mai kauri, bayansa a ƙasa, cikinsa a sama. In kana so ya ɗan koma baya, sa ƙaramin guntun katako a ƙarƙashin mariƙi ka ɗaure kawunan ƙasa, amma inci ɗaya zuwa biyu ya ishi mai koyo; fiye da haka daidaitawa za ta zame maka rigima. Toshe gefunan da siraran katako ko tsumma mai kauri don iska mai zafi kada ta zagaya ta lashi bayan.

Kayan aikin shi ne na'urar hura iska mai zafi, irin ta masu liƙa tinti a gilashin mota. Riƙe ta inci 4 daga itacen, ko ka yi mata mazauni don hannu na gajiya. Fara daga kusa da mariƙi. Tsaya a wuri ɗaya wajen minti 4 zuwa 5 har launin ya koma na ƙuli-ƙuli, ƙamshi kamar na gasasshiyar masara ya tashi, sannan ka matsa inci ɗaya.  In ka ga ya yi duhu cikin minti ɗaya, ka matso da yawa: ka yi irin ta mai tsiren da wutarsa ta yi yawa, waje ya ƙone ciki ɗanye. Abin da ake so zafin ya ratsa, har in ka taɓa bayan ka ji ya yi zafin da yatsa ba zai daɗe a kai ba, amma launinsa bai sauya ba. Baƙi kuwa gawayi ne, ba shi da sauran ƙarfi. Inci 5 ko 6 na ƙarshen kai ba sai an gasa ba. Ka ƙirga lokacin da ka ba fiffike ɗaya ka ba ɗayan daidai da shi.

Ba ni da wannan na'ura, ga kuma rashin wuta. Garwashi zai yi?

Zai yi, kuma shi ne na asali. Haƙa dogon rami marar zurfi daidai tsawon bakan, ka baza garwashin gawayi wanda harshen wuta ya mutu a kansa. Ɗaure bakan a jikin katakonsa da waya, ka kifa shi cikinsa na kallon garwashin, a tsayin da tafin hannunka zai jure daƙiƙa biyu ko uku kacal. Katakon da ke bayansa shi ne garkuwarsa. Wannan hanya takan ci awa biyu ko fiye, kuma ba a tafiya a bar ta. Riƙa ɗagawa kana duba launi, kana jan garwashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan. Ajiye bokitin ruwa kusa, ka kuma yi shi a ranar da babu iska.

Na gama gasawa. In sa tsirkiya in gani?

A'a! Nan ne mafi yawan bakuna ke mutuwa. Bar shi a ɗaure har ya huce sarai, sannan ka ajiye shi ya sake shan danshin iska. Baka yana son ruwan jikinsa ya kasance wajen kashi 8 zuwa 10 cikin 100, wuta kuwa ta kore kusan duka. Littattafan Turawa kan ce kwana uku zuwa mako guda, amma da iskar ƙasarsu suke lissafi. Itacen da ke zaune inda danshin iska yake kashi 50 yakan tsaya a wajen kashi 9. Inda danshin ya faɗi zuwa kashi 20, kamar yadda yake yi mana da hunturu da farkon bazara, itacen ba zai wuce kashi 4 zuwa 5 ba ko shekara ya yi yana jira. A wannan hali ko bakan da ba a gasa ba yana cikin haɗari.

Na koyi wannan a wata Fabrairu. Na jira kwana bakwai cif kamar yadda aka ce, na ɗora a bango, ina kai inci 22 sai ji na yi kamar an harba bindiga. Tun daga nan, in na gasa da rani, kusa da randa nake ajiye shi, a ɗakin da ake yayyafa ruwa, ina auna shi kullum har nauyin ya daina ƙaruwa. Mafi sauƙi ma ka tsara aikinka gasawar ta faɗo a ƙarshen damina ko farkon kaka.

In ya huta, koma doguwar igiya ka fara daga ƙaramin ja. Zai yi ƙarfi fiye da da, kuma lanƙwasar na iya sauyawa.

Wuta za ta gyara baka mai gwiwa ko karkatacce?

Karkata, e. In tsirkiya ba ta bi ta tsakiyar mariƙi ba, ana zafafa wurin da ya karkace, a tanƙwara shi ya ɗan wuce inda ake so, a ɗaure har ya huce. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma haka ne, sai dai ɗanye da tururi ake yi masa, wajen awa guda kan kowane inci na kauri. Busasshe shi ake yi wa busasshen zafi. In ka hura wa ɗanye iska mai zafi, tsagewa zai yi.

Gwiwa kuwa, in ta riga ta yi ƙananan layuka masu gicciye a ciki kamar an ja da allura, ƙwayoyin sun murƙushe, wuta ba ta tayar da matacce. Sai dai a rage sauran wuraren a haƙura da baka marar ƙarfi, a ba yaro.

Kowane itace ne ke son gasawa?

A'a. Wanda ya fi amfana shi ne mai ƙarfin baya. Itacen da tun asali yake ɓallewa fat, gasawa ƙara masa gautsi take yi. Yiw da osej ba su cika bukata ba, ko da yake ana taɓa su da zafi don gyaran siffa. Ga itacen gida, fere sili biyu iri ɗaya, gasa fuska ɗaya ta guda, bar su su huta mako, ka lanƙwasa su gefe da gefe. Kuma in ka liƙa wa bayan bakanka wani abu da gam, kada ka kai shi wuta; gasawa kafin liƙi take zuwa.

Da me zan yi tsirkiya?

Masu wannan sana'a a yau da zaren Dacron B-50 suke yi, sili 12 ya ishi bakan kilo 18. Na Ingila na da, da zaren linin ko na hem (wani tsiro mai zare kamar rama) ake murɗa su, namu kuma da murɗaɗɗiyar fata. Igiyar nailan ta shanya ba ta yi, tana miƙewa kamar roba ta shanye ƙarfin harbin. Ko da me ka yi, ta iya ɗaukar aƙalla ninki huɗu na ƙarfin bakan, ka kuma shafe ta da kakin zuma. Tsinkewar tsirkiya a tsakiyar ja takan tafi da bakan.

Na cire tsirkiya amma bakan bai miƙe sarai ba. Ya lalace?

Bai lalace ba. Inci ɗaya zuwa biyu abu ne da aka saba gani, kuma irin wannan bakan yakan yi daɗin harbi. In ya wuce inci 3, ko dai itacen bai bushe ba, ko ka ja shi fiye da kima tun da wuri, ko faɗinsa ya yi kaɗan. Abin da ba a yi shi ne a lanƙwasa shi ta baya da hannu wai don ya miƙe.

Na ji ƙaramar ƙara "ƙas" ina cikin ja.

Sassauta a hankali, cire tsirkiya, ka bi bayan da auduga; inda ta maƙale, sartse ne ya tashi. In ƙarami ne a gefe, ɗiga masa gam mai ruwa ka naɗe wurin da zare tam. In ya gicciya bayan, bakan ya gama aiki.

Me zan shafa masa, kuma yaya zan ajiye shi?

Sai ka harba kibau wajen 100 ka tabbata lanƙwasar ba ta sauya ba, sannan ka goge da samfefa mai laushi. Man kaɗanya da aka narka da kakin zuma yana yi, a murza shi da tsumma har itacen ya ɗumama, a maimaita lokaci-lokaci, musamman gab da damina. Cire tsirkiya duk lokacin da ka gama harbi. Ajiye shi a kwance kan ƙusoshi biyu, ba a jingine a lungu ba, nesa da rana da gara, kuma kada ka bar shi cikin mota a rufe. In ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, ɗan ja shi rabi-rabi sau da yawa kafin cikakken ja.

Wace kibiya ta dace da shi, kuma zan iya ba abokina ya gwada?

Bakan kilo 18 yana son kibiya mai nauyin giram 26 ko sama da haka, wadda ta ɗara tsawon janka da inci ɗaya ko biyu. Kibiya marar nauyi ba ta kwashe ƙarfin duka, ragowar a jikin itacen yake sauka. Sakin tsirkiya babu kibiya kuwa ya fi kowanne muni. Duba kowace kibiya kafin ka ɗana. Mai tsaga tana iya karyewa ta shige hannun da ke riƙe da baka. Yi harbi inda kake ganin abin da ke bayan abin harinka, bangon ƙasa ko tudun yashi, ba zanan da yara ke wucewa ta bayansa ba.

Aboki kuma, duba tsawon hannunsa tukuna. Bakan da aka daidaita a inci 27 bai san inci 30 ba, kuma dogon mutum in ya karɓa, abin da zai fara yi shi ne ya ja har bayan kunne yana murmushi. Ba shi kibiyarka mai alamar fenti a inda ja ya ƙare, ka tsaya kusa da shi kana kallon alamar.